An ce min sankarar mama ce: a ina kuke samun bayanin da za a yarda da shi?

Malama_Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 41, ina koyarwa a wata firamare a Kano, 'ya'yana huɗu. Watannin baya na ji wani ƙullutu mai tauri a mamana na hagu, ta wajen hammata, kuma ko kaɗan ba ya ciwo. Aka yi sikanin, aka yi hoton mama, daga baya aka sa allura aka ɗebi 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, sankara ce. Na karɓi ƙaddara, alhamdulillahi a kowane hali.

Ba roƙon kuɗi ne ya kawo ni ba, bayani nake nema. Ranar da aka faɗa min, likitan ba shi da laifi, mutumin kirki ne, amma layi har bakin ƙofa. Ya yi magana da ɗalibansa da Turanci, sannan ya juya wajen maigidana ya yi masa bayani. Ni da ciwon yake jikina ina zaune ina kallon bakinsu. Kuma ko da ni ya fuskanta ban san me zan riƙe ba, don daga inda na ji sunan ciwon kunnena ya toshe. Muka fito, na tambayi maigida me aka ce, ya ce "an ce za a fara magani, ki kwantar da hankalinki." Iyakar abin da na samu ke nan.

A jikin takardar an rubuta Invasive ductal carcinoma, Grade 3, ER positive, PR positive, HER2 negative. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma wannan ya fi ƙarfina. Da dare ya yi, yara sun yi barci, na zuba shi a Google. Na ga ana maganar mataki na uku, na ga ana ta maimaita shekara biyar. Autana shekararsa shida. Na kwana ina lissafin ajin da zai kai.

Ta ɗaya ɓangaren kuma masu yi min bayani da Hausa har sun yi min yawa. Gwaggona ta ce daji ba ya son ƙarfe, allurar da aka sa min ma tsokano shi aka yi, kada in kuskura a yanka. Wata abokiyar aikina ta ce kuɗi da wayar da nake sawa a rigar mama ne suka jawo. Matar yayana kullum sai ta turo min saƙon murya a WhatsApp na wani mai magani. TikTok kuwa tun da na nemi sunan ciwon, ba abin da yake nuna min sai masu tallar maganin gargajiya a jarka da lambar waya a ƙasa. Kowannensu yana magana da tabbaci, a tsanake, da harshen da nake ji.

Wanda ya san ciwon ba shi da lokacin zama da ni, wanda yake da lokacin kuma ban san iyakar saninsa ba. To ku da kuka riga ni shiga wannan hali, ko kuka yi jinyar wata, wa kuke tambaya? Yaya ake yi a sa likita ya yi wa mutum bayani ba tare da ya ga kamar raini ba ne? Kuma don Allah in akwai wanda ya san ma'anar abin da ke takardar nan ya taimaka min.

Maman Ilham ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ni daga Kaduna nake. A 2019 aka cire min mama ɗaya, na yi kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, na yi gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ga ni yau ina kasuwancina, har na aurar da 'yata ta fari. Na fara da wannan ne don na san abin da kike son ji ke nan kafin komai.

Takardar zan bar wa masana. Zan faɗa miki abin da ya yi min amfani.

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan ajinki. Duk tambayar da ta faɗo miki, ko a kicin ko cikin dare, ki rubuta. Ranar ganin likita ki zaɓi uku ko huɗu da suka fi damun ki, ki buɗe littafin a kan teburinsa. Wallahi da likita ya ga biro a hannunki yanayin maganarsa yake canzawa. Ki ce masa, "Likita, don Allah ni za ka yi wa bayani, kuma da Hausa." In ba ya jin Hausa ki ce a kira nas. Babu raini a ciki, jikinki ne. Na kan nemi izini in ɗauki maganarsa a waya, in na koma gida in saurara hankali kwance, kuma ban taɓa samun wanda ya hana ni ba. Sannan wanda zai raka ki ya zama mai dakakkiyar zuciya. Yayata mai sona ce ƙwarai, amma da an fara magana sai kuka, in koma ni ce mai rarrashi. Ƙanwar mijina na koma ɗauka.

Wuri na biyu shi ne ɗakin kemo. Za ki yi awanni a zaune ruwa yana shiga, nas-nas suna kai da kawo. A nan na yi yawancin karatuna. Su ne suka gaya min farcena zai yi baƙi kuma zai washe, su ne suka ce jan fitsarin da zan gani bayan jan maganin nan launin maganin ne, ba jini ba. Da ba a faɗa min ba da na haukace a banɗaki.

Sai bencin jira. Matan da za ki tarar a can sun san abin da ba ya cikin kowane littafi: wane kemis ne ya fi sauƙin farashi, wace rana ya kamata a yi gwajin jini don kada a ɗaga miki kemo, me ke zama a ciki in tashin zuciya ya taso. Ni kunun gyaɗa mara sukari sosai da ɗan lemon tsami a hanci suka cece ni. Amma ki kula, ta kusa da ke za ta ce miki "ni ba a yi min kaza ba, me ya sa ke za a yi miki?" sai zuciyarki ta tsinke a banza. Ciwon suna ɗaya ne amma iri-iri ne. A benci ki koyi yadda ake rayuwa da shi, maganar magani kuwa ki kai wa mai riƙe da fayil ɗinki.

Akwai zauren WhatsApp na masu irin ciwonmu da aka sa ni. Na ƙaru da shi, amma lokacin da nake tsakiyar kemo sai da na rufe shi, saboda sanarwar rasuwa. Ba laifi ba ne ki kare zuciyarki. Kuma ki daina binciken dare. Duk abin da kika karanta ƙarfe biyun dare ya fi yadda yake muni.

Uwar Marayu ta amsa:

Sannu 'yata, Allah ya yaye. Ni dai zan faɗi abin da idona ya gani. Gwaggonki ba ta yi ƙarya ba, mu ma haka muka taso muka ji, daji ba ya son ƙarfe. Mata biyu na sani a unguwarmu da aka yanke wa mama, duk ba su shekara ba. Ga maƙwabciyata kuma da ƙullutu ya fito mata, wani malami ya haɗa mata habbatus sauda da zuma da man zaitun da wasu saiwoyi, ya baje kamar ba a yi ba. Asibiti ba abin da suka sani sai wuƙa. Ki fara gwada na gida da nonon raƙumi ko na wata uku ne, in bai yi ba asibiti ba ya gudu. Mace da mamanta ake saninta, kada ki yi gaggawa.

Sista Zariya ta amsa:

Malama, sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren masu ciwon daji. Ba zan maye gurbin likitanki ba tunda ban ga fayil ɗinki ba, amma takardar zan iya karanta miki.

Na farko, ki saki ranki game da lamba 3 ɗin nan. Grade ba mataki ba ne. Shi yana nufin yadda ƙwayoyin ciwon suka bayyana da aka duba tsokar a madubin ɗakin gwaji, daga 1 zuwa 3, kuma 3 na nufin suna da saurin girma, shi ya sa ba a son jinkiri. Mataki kuwa, wanda yake daga 1 zuwa 4, ba a sanin sa daga wannan takarda. Sai an auna girman ƙullutun, an duba kaluluwar hammata, an yi hoton ƙirji da na ciki, wani lokaci har da na ƙashi. Mace tana iya zama Grade 3 amma tana mataki na 1 ko na 2. Wannan ce tambayar farko da za ki rubuta a littafin da Maman Ilham ta ce: "Ina mataki na nawa?"

Layin farko yana nufin ciwon ya faro daga hanyoyin da ruwan nono ke bi ya shiga naman da ke kewaye, kuma shi ne nau'in da aka fi samu. ER da PR positive na nufin ciwon yana samun ƙarfi daga sinadaran jikin mace, irin waɗanda ke tafiyar da al'ada. Wannan labari ne mai daɗi, don akwai ƙwayar da ke toshe masa wannan hanya, kamar tamoksifen, ana sha ɗaya kullum tsawon shekara 5 zuwa 10, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi. HER2 negative kuma na nufin ba kya buƙatar allurar nan mai tsada da ake kira Herceptin.

Shekara biyar ɗin da kika gani ba wa'adi ba ne. Ma'auni ne da masu bincike ke amfani da shi, su ƙirga mata nawa ne cikin 100 suke raye shekara biyar bayan gano ciwon, da yawansu kuma suna ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa bayan haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki adadin ya haura 90 cikin 100. A Najeriya kuwa ƙiyasin 2022 ya nuna sama da mata 32,000 ne suka kamu, sama da 16,000 suka rasu. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da ake zuwa da kuma kammala magani. Mafi yawan matanmu sai a mataki na 3 ko na 4 muke ganinsu. Shi ya sa hukumar ta sa burin a gama duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti.

Hajiya Uwar Marayu, da girmamawa nake magana, kin haife ni, kuma na san don ƙauna kika faɗa. Amma wata ukun nan da kika ce a gwada, a cikinsa muke rasa mata. Ina ganinsu suna dawowa mama ya fashe yana ruwa, an shafa masa abubuwa har fata ta ƙone, hannu ya kumbura, numfashi yana sama-sama. A lokacin in aka yi aiki mace ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta, alhali ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta tun kafin ta zo. Allurar ɗibar tsoka ba ta yaɗa ciwon. Maƙwabciyarki kuwa, an taɓa gwada tsokarta? Mafi yawan ƙullutun mama ba sankara ba ne, musamman ga masu ƙuruciya da masu shayarwa, wani ma da kansa yake bajewa. Duk mai cewa ya warkar da daji, a nemi takardar gwajin tsoka ta kafin maganin da ta bayansa. Waɗanda suka sha jarka suka rasu ba a ɗaukar su a bidiyo, masu godiya kaɗai ake nuna mana.

Addu'a da ruƙiyya da zamzam babu mai hana ki, Malama, mu ma muna yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ya yi umarni a nemi magani. Amma duk abin da za ki haɗiya, ko saiwa ko gari ko ƙwayar ƙarin kuzari, ki kawo wa likita ya gani tukuna. Kemo ta hanta da ƙoda yake bi, in wani abu ya taɓa su gwajin jini zai lalace a ɗaga miki magani.

Kuɗi da waya a rigar mama ba sa kawo sankara. Kada ki ɗora wa kanki laifin da ba ki yi ba.

Ɗan Yakasai ya amsa:

Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, abin ne ya taɓa ni. Yayata da muke ciki ɗaya ta rasu da wannan ciwo. Ba ta yi boko ba. Da sakamako ya fito manyan gida suka zauna suka ce kada a faɗa mata, wai hawan jini zai kama ta, a ce mata ƙari ne kawai. Ta yi kemo kaɗan, ƙullutun ya motse, ta ce ta warke, ba za ta koma ana zubar mata da gashi a kan ƙari ba. Ta ina za a yi mata musu tunda an ɓoye mata abin da ke jikinta? Daga baya a bakin wata mata a layin asibiti ta ji gaskiya. Abin da ta ce mana ranar har gobe yana raina: kowa ya san ciwonta ban da ita.

Don haka ina roƙon maza, mijinki ma ki karanta masa wannan. Ɓoyewa ba tausayi ba ne. Wadda za ta sha wahalar maganin ita ya kamata ta fi kowa sanin dalilinsa.

Abin da na koya wajen zirga-zirga: gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ana kiransa Cancer Health Fund. A arewa an fara shi a asibitin koyarwa na Shika da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ki tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya na asibitinku, don ba kowa ake tara a faɗa wa ba. Akwai kuma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, suna wayar da kai a kan ciwon. Bayani da Hausa daga bakin likitoci kuwa, ki nemi tsofaffin shirye-shiryen Lafiya Zinariya na BBC Hausa da Lafiya Jari Ce na RFI. Watan Oktoba, da yake watan wayar da kai ne a kan sankarar mama, gidajen rediyo sukan gayyato likitoci a buɗe layi.

'Yar Maraɗi ta amsa:

Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar matsalar guda ce, sai dai tamu takardar da Faransanci take zuwa. Innata ce ke da ciwon, ni ke kai ta Yamai, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, inda aka fara gashi a 2021. Kafin nan sai mai hali ya fita waje. Inna ba ta karatu ko kaɗan, duk saninta daga rediyo ne da saƙon murya a salula, kuma a nan masu jarka suka fi mu ƙarfi, don su murya suke aikowa, mu kuwa takarda ake miƙo mana.

Dabarar da na yi, in mun gama ganin lokotoro sai in roƙi wata ma'aikaciya mai jin Hausa ta yi wa Inna bayanin a salulata da bakinta: ga abin da za a yi, ga ranar dawowa, ga abin da in an gani a garzayo. In mun koma gida Inna ta yi ta saurare, ta kunna wa kishiyarta, ta kunna wa masu zuwa dubiya. Da wata ta kawo maganar wani mai magani sai ta ce "ku tsaya ku ji abin da ta likita ta ce." Ni da nake ɗiyarta in na faɗa ba ta ɗauka, amma muryar nan ta yarda da ita. Malama, gwaggonki ma wataƙila abin da take buƙata ke nan, ta ji da kunnenta.

Malama_Gwale ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan yayarka Ɗan Yakasai. Na koma asibiti da littafina da ƙanwata. Na ce wa likita ni zai yi wa bayani, ya gyara zama ya yi, har da zane a bayan takarda. Bayan hotuna an ce ina mataki na 2, ya taɓa kaluluwar hammata amma bai je ko'ina ba. Za a fara da kemo duk bayan mako uku don ƙullutun ya ragu, sannan aiki, sannan gashi, sannan ƙwayar da Sista ta ambata. Ya ce a arewa ana gashi a wurare irin su Shika da Sakkwato da Abuja, in lokaci ya yi za su duba inda za su tura ni. Maigida ya karanta duk abin da kuka rubuta, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya shi ya ɗauki muryar nas ya kai wa Gwaggo. Hajiya, na gode da kulawarki, addu'arki nake so, amma asibiti zan bi.

Saura abu guda. Babbar 'yata shekararta 16, tana lura da komai. In faɗa mata? Kuma me zan riƙa ranar kemo ta farko?

Maman Ilham ta amsa:

Ki faɗa mata, ke da bakinki, kafin gashi ya fara zuba, wanda yakan fara bayan mako biyu zuwa uku da yin na farko. Ki gaya mata sunan ciwon, ki gaya mata ana maganinsa, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwanciya kusa da ke. Ƙananan kuma ki ce musu Umma za ta sha magani mai ƙarfi da zai sa ta gajiya.

Ranar ki ci abu mara maiƙo kafin ki fita, ki sa riga mai faɗin hannu, ki riƙi ruwa da mayafi mai kauri don ɗakin da sanyi. Ki karɓi maganin hana amai ki sha yadda aka rubuta, kada ki jira sai aman ya zo. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a gida, in ya kai 38 a kwanakin bayan kemo kada ki ce maleriya ce ki aika kemis, asibiti za ki tafi ko da tsakar dare ne. Kafin ki bar ɗakin ki karɓi lambar da za ki kira in wani abu ya taso, ki rubuta ta a bangon littafin.